Minshari ko Rashin Barci: Wane Gwaji Ya Cancanci Kuɗinka a Kumasi?

A gidanmu na Aboabo mutum biyu barci ya tasa a gaba a shekara guda, kuma ni aka ɗora wa jigilar kai su asibiti, don bakina ya fi na kowa sakewa da Turanci da Twi. Na farko Yayana ne, direban tirela, mai ɗauko kaya daga Tema ya ratsa Kumasi da Techiman da Kintampo da Tamale har ya tsallaka Paga. Shi barci ya yi masa yawa. Ana cikin hira sai ka ga kai ya langaɓe, ranar Juma'a kuwa da wuya ya ji ƙarshen huɗuba. Ta biyu Mma ce. Tun da Baba ya rasu barci ya ƙaurace mata, sai ta kwanta ido biyu har a kira assalatu. Mu a wurinmu duk sunansa matsalar barci, saura kaɗan mu kwashe su biyun mu kai su ƙofa ɗaya, mu biya kuɗin gwaji ɗaya sau biyu. Da mun yi haka, rabin kuɗin ya tafi a banza.

Matar Yaya ce ta fara tayar da maganar. Ta ce min, "Ƙanina, minsharin ba ya damuna, shekara nawa ina jin sa. Shirun ne yake ba ni tsoro." Yana cikin jan minshari kamar injin niƙa sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Ta kan ƙirga a zuci, wani lokaci har ta wuce ashirin, sannan ya yi wata irin shaƙewa ya zabura, ya juya ya ci gaba. Da safe ka tambaye shi, ya ce shi lafiya lau ya kwana, ciwon kai ne kawai da bushewar baki. Na ce ta ɗauke shi a waya. Minti uku ta ɗauka, kuma duk abin da muka kai wa likita babu wanda ya kai wannan bidiyon amfani.

Abin da ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki. Ga mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, hanyar iskar sai ta matse ko ta rufe gaba ɗaya. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na 'yan daƙiƙu don ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga duk ɗaukewa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10, su raba da awannin barci, su kira adadin AHI. Ƙasa da 5 a awa ba komai. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ka auna mutumin da ake shaƙe shi sau talatin a kowace awa har gari ya waye, sannan ya kama sitiyari ya nufi Kintampo. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da wannan larura a duniya. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki. Yaya yana shan maganin hawan jini kala uku, awon bai taɓa sauka yadda ake so ba.

Kafin a kai ga kowace na'ura, ƙofar farko likita ne na yau da kullum, a asibitin da katinka yake, ko Manhyia ko wani na kusa da kai. Shi zai rubuta takardar turawa zuwa Komfo Anokye, wanda kowa a Kumasi ya fi sani da Gee, wajen likitocin ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Mutanen Nima da Mamobi a Accra tasu hanyar takan ƙare a asibitin Korle Bu ko Ridge ko asibitin soja na 37. Namu likitan tambayoyi takwas ya yi, waɗanda ake kira STOP-BANG: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Ya ɗauko tef irin na tela ya zagaya wuyan Yaya. Ya ce, "Alhaji, ka taɓa yin gyangyaɗi a kan sitiyari?" Yaya ya yi shiru yana kallon takalminsa. Ni ban fassara shirun ba, likitan ya gane da kansa.

Daga nan aka ajiye mana zaɓi biyu: ko ya kwana a ɗakin gwaji, ko a ba mu ƙaramar na'ura mu tafi da ita gida.

Kwanan ɗakin gwaji shi ne cikakken bincike, sunansa polisomnogirafi. Za ka je da daddare, a manna maka wayoyi a fatar kai, da gefen idanu, da haɓa, da ƙirji, da ƙafafu. A ɗaura maka ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a sa siririn tiyo a hanci, a maƙala maka ɗan abin awon oksijin a yatsa. Ma'aikaci yana ɗaki na kusa yana kallo har safe, in waya ta cire ya shigo ya mayar. Wayoyin kai su ne suka bambanta shi da komai, domin su ke nuna ko barci kake yi da gaske, da zurfinsa, da lokacin da ka shiga barcin mafarki, wanda a cikinsa ɗaukewar numfashi ta fi muni ga mutane da yawa. Yana kama abubuwan da na gida ba ya gani: harbin ƙafa cikin barci, farfaɗiyar dare, dambe ko ihu cikin mafarki, da irin ɗaukewar numfashin da ba toshewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta daina ba da umarnin a ja iska. In abin ya bayyana ƙarara tun farkon dare, wasu wuraren sukan raba daren biyu, rabin farko gwaji, rabi na biyu a sa maka na'urar magani mai tura iska ta hanci a daidaita ƙarfin iskarta. Tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu ke nan, kuma ya kamata ka tambaya tun kafin ka biya ko suna yin haka.

Aibinsa kuɗi da nisa. Wuraren da ke yin sa kaɗan ne, ba kowane asibiti ba, kuma idan aka tura ka Accra ka ƙara kuɗin mota na kusan kilomita 250 da na mai rakiya. Ga baƙon gado, ga wayoyi, wasu sukan kasa barci kamar yadda suka saba, ko da yake ba sai ka yi barcin dare cikakke ba kafin a sami abin karantawa. Wanda zai je ya yi alwala da sallar isha'i kafin a fara manne-manne, kada ya shafa mai a kai, mace kuma ta tambaya tun da wuri ko kitsonta zai bari a kai ga fatar kai, ta kuma nemi mace ta manna mata idan akwai.

Na gida kuwa ɗan akwati ne da bai fi wayar hannu girma sosai ba. Yawanci abu uku yake aunawa: iskar hanci, motsin ƙirji, da oksijin na yatsa. A nuna maka yadda ake ɗaurawa, ka kwana a gadonka, da safe ka mayar. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma barcin da ya auna shi ne naka na kullum, da fankarka da katifarka. Sai dai akwai wani lahani nasa da ba a cika bayyana wa mutane ba. Irin wannan akwatin bai san ko kana barci ko idonka biyu ba. In ka kwanta awa takwas amma barcin awa biyar ka yi, zai raba abin da ya ƙirga da takwas, adadin ya fito ƙasa da gaskiya. Saboda haka in ya ce kana da ciwon, ka yarda. In ya ce ba ka da shi alhali matarka tana ganin kana shaƙewa, kada ka yi murna tukuna, ƙa'idar likitoci ita ce a tura ka cikakken gwaji. Wato ka biya sau biyu.

To wa ya dace da wanne? A ganina, kuma haka likitan ya karkata, babban mutum mai minshari, mai gyangyaɗin rana, wanda aka ga numfashinsa na ɗaukewa, kuma ba shi da wani babban ciwo a ƙirji, ya fara da na gida. Nasa a fili yake, tabbatarwa kawai ake nema da sanin tsananinsa. Amma mai ciwon zuciya irin wanda ƙafa ke kumbura, da mai tsohon ciwon huhu, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai shan tiramadol ko makamancinsa kullum, da ƙaramin yaro, waɗannan araha ba ta yi musu ado, su nemi kwanan asibiti tun farko. Haka wanda barci ke sace shi da rana ba tare da minshari ba, musamman matashi wanda gwiwoyinsa ke saki idan ya yi dariya. Shi bayan kwanan ma akwai gwajin rana, a ba shi damar kwanciya sau biyar, awa biyu tsakani, a ga saurin da barci ke ɗauke shi.

Akwai kuma hanya ta uku da nake jin samari suna yabawa a majalisar ataya: agogon hannu mai awon barci, ko abin yatsa na kantin magani. Suna iya sa ka farga, iyakarsu ke nan. Abin yatsan ma bincike ya nuna yakan nuna oksijin sama da gaskiya ga masu baƙar fata. Ba a sayen na'urar magani a kan shaidarsa kaɗai.

Mu na gida muka ɗauka, daga aljihu muka biya. Daren farko ya lalace. Wanda ya ba mu akwatin a gurguje ya yi bayani, bai ce a naɗe abin yatsan da filasta ba. Cikin dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, Yaya ya yi gumi yana juye-juye, abin ya zame tun kafin ƙarfe ɗaya. Da muka mayar aka ce babu abin karantawa, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda a sake ba mu ba tare da sabon biya ba. Don haka ka tambaya tun kuɗinka na hannunka: in daren ya lalace, wa zai ɗauki asarar? Wane likita ne zai karanta sakamakon, ko na'urar ce kawai za ta tofo takarda? A dare na biyu matarsa ta zauna gadi. Sakamakon ya haura 30 da nisa.

Sanin ciwo daban, zaɓen magani daban, kuma a nan ne kuɗi na gaske yake. Wanda ya fi kowanne aiki shi ne CPAP, na'urar da wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya ɓullo da ita a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba, mutane suna yawan kuskuren nan. Iskar ɗaki take turawa a hankali ta tiyo zuwa takunkumin hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ga mai tsanani irin Yaya babu na biyunta. Amma ba ta warkarwa, daren da ka ajiye ta ciwon ya dawo. Mafi ƙarancin abin da ake ƙirgawa a matsayin amfani da ita shi ne awa huɗu a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, kuma mutane da yawa sukan jefa ta ƙarƙashin gado tun a watan farko. Galibi ba na'urar ce ke kore su ba, takunkumin ne: ya matse, ko yana yoyon iska cikin ido. Kada ka karɓi takunkumin da ba ka gwada a fuskarka kana kwance ba.

A nan Ghana dole ka haɗa lissafinta da na wuta. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutan nan na 2015, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na'urar ba ta cin wuta sosai in ka kashe sashen da ke ɗumama ruwa, ƙaramin batir da inbata za su iya kai ta safe, kuma akwai wayar da ake saya ta haɗa wasu da batirin mota, abin da ya fi damun direba. Lokacin hunturu ƙura takan cika matatarta da wuri, ka sayi matata da yawa ka ajiye. Na'urar iri biyu ce: akwai mai ƙarfin iska ɗaya tsayayye, akwai mai daidaita kanta daidai da numfashinka. Ta biyun ta fi tsada, amma ga wanda ya yi gwajin gida ita ce ke raba shi da sake kwana a asibiti don a auna masa ƙarfin iska.

Kowane gidan Zango yana da ɗan'uwa a Jamus ko Amurka, kuma abu na farko da za a ce shi ne a aiko da ta hannu. Ba laifi, amma a duba. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya marmashewa mutum ya shaƙa, kuma zafi da laima suna ƙara lalata shi. Kumasi kuwa ba ta rasa ko ɗaya. Ka sa a turo maka hoton sunan na'urar da lambarta, ka nuna wa likita kafin ta hau jirgi. Takunkumi da tiyo kuma sababbi, ba a gadon su.

Sauran hanyoyin gajeru ne. Akwai abin da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki ya turo haɓar ƙasa gaba. Ba ya buƙatar wuta, yana shiga aljihu, ya fi dacewa da mai sauƙi ko matsakaici, kuma sai mai haƙora masu ƙwari. Rage ƙiba yana aiki ƙwarai: wani dogon bincike a Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da raguwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adadin AHI, sai dai tuwon dare da waakye ba sa sakin mutum a wata guda. Wanda nasa sai ya yi rigingine yake tashi, kwanciya ta gefe tana rage masa. Tiyata ga manya sakamakonta ba shi da tabbas, amma ga yaro mai minshari da kwana baki buɗe, cire ƙulullukan maƙogwaro da na bayan hanci shi ne magani na farko, kuma iyayen mai sikila su fi kowa sa ido. Wani kawunmu ya kawo shawarar a kira wanzami ya cire wa Yaya belu. Toshewar ba a belu kaɗai take ba, har da bayan harshe da bangon maƙogwaro, ga hatsarin zubar jini. Na ce, "Kawu, a bari mu ga na likita tukuna," aka bar maganar a nan.

Mma kuwa, da na tambayi likita ko ita ma a kawo mata akwatin, dariya ya yi. Rashin barci ba a gano shi da waya. Da baki ake gano shi, da kuma takarda: mako biyu ana rubuta lokacin kwanciya, da na tashi, da farkawar tsakar dare, da barcin rana. In ya kai dare uku a mako har wata uku, kuma yana taɓa rayuwar mutum da rana, ya zama ciwo mai zaman kansa. Ya bincika abubuwan da ke ɓuya a bayansa: yawan fitsarin dare, ciwon gaɓoɓi, ƙwannafi, damuwa. Ya tambaya ko ƙafafunta na yi mata wani irin tsami da dare har sai ta motsa su, domin wannan yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma gwajin jini ne ke nuna shi. Sannan ya ce, "Mama, me kike sha don ki yi barci?" Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan ƙwayoyi. Baliyam ne, wata maƙwabciya ke kawo mata. Mu da muke gida ɗaya ba mu sani ba.

Zaɓin mai rashin barci tsakanin ƙwaya ne da horon barci. Ƙwaya tana aiki a daren farko, shi ya sa ake son ta. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ta daina isa. Ga tsoho tana kawo jiri da faɗuwa a hanyar bayi da mantuwa, ga mai minshari irin Yaya kuwa tana ƙara sakin maƙogwaro, ta mai da ciwonsa ya fi da. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa rana ɗaya, a hankali likita ke rage masa. Horon barci, wanda ake kira CBT-I, shi ne abin da ƙungiyoyin likitoci suka sa a gaba. Zama ne kamar huɗu zuwa takwas da masanin halayyar ɗan'adam. Ba ya daɗi a makon farko. An hana Mma kwanciya tun bayan isha'i tana jiran barci, aka ce sai ta ji shi a ido. In ta yi kamar minti ashirin bai zo ba, ta tashi ta zauna a kujera da carbinta cikin haske kaɗan, sai ya dawo ta koma. Lokacin tashi ɗaya kullum, kuma asuba ta riga ta yi mana wannan aikin. Ƙailula gajeriya, kafin la'asar. Goro ya tsaya daga azahar, domin rabin abin da ke cikinsa mai hana barci yana nan a jini bayan kimanin awa biyar. A kan goron aka fi yin rigima.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙofar. Masu wannan aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa suke zama, a Gee da kuma asibitocin gunduma inda ake da nas-nas na wannan fanni, kuma Mma ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za a gan ta a layin. Sai da ƙanwarta ta zo daga Asawase ta raka ta. A zama na biyu ne ta fara maganar Baba, wadda ba ta taɓa yi da mu ba. Yanzu tana samun awa biyar zuwa shida, wani daren ƙasa da haka, ƙwayar kuma ta koma rabi.

Yaya ya yi mako uku yana faɗa da takunkumi kafin a canza masa da ƙarami mai tsayawa a ƙofar hanci. Likita ya hana shi doguwar tafiya har sai da gyangyaɗin ya tsaya, kuma wannan hutun dole ya fi kuɗin na'urar ci masa rai. Ya koma hanya. Na'urar tana cikin jakar da yake sa darduma, yana haɗa ta da batirin mota idan ya kwana a Paga yana jiran takardu. Yaran motarsa suna kiranta iyakwandishan ɗin Alhaji. Matarsa kuma ta ce yanzu ita ce ba ta barci sosai, shirun ɗakin ya yi mata yawa, takan miƙa hannu ta taɓa ƙirjinsa ta ji yana motsi.